Mas Ferdi da Jajayen Alkyabbu Arba'in

Ni ce shugabar mata masu wanki a kwalejin nan ta tsibirinmu, a wajen birnin Kingston, tun ranar da aka buɗe ta, saboda haka labarin Mas Ferdi Dunkley ba a bakin wani na ji shi ba, a gabana aka yi komai. A lokacin shekarar kwalejin biyu kacal. In ka cire allon da aka kafa a bakin hanya, ba abin da ya raba ta da sansanin da aka watsar bayan yaƙi: dogayen ɗakunan katako a jere a gindin duwatsu, rufin kwano, ga awakin ƙauyen da ke bayanmu suna shiga suna fita ba mai ce musu kanzil. Amma Turawan da aka aiko mana daga Landan sun rantse sai sun mai da wurin Ingila. Ba a cin abinci sai an yi addu'a da Latin, ba a taka ciyawar gaban ofis, kuma dole kowane ɗalibi ya yafa jar alkyabba ta ulu kafin ya shiga aji, a ƙasar da in rana ta take ko kare neman inuwa yake yi. Mu muka san irin zufar da alkyabbun nan ke sha, tunda mu ke wanke su.

A wurinmu Mas ake ce wa namiji babba, mace kuma Mis. An ɗauki Mas Ferdi sarkin ƙofa na gwaji, wata shida. In ya yi abin kirki a tabbatar da shi, a ba shi gidan siminti mai ɗaki biyu da famfo a tsakar gida, nan kusa da ƙofar shiga, kuma shi zai riƙa ɗaukar sandar girma ta azurfa a gaban malamai ranar taro. Abin da ya sa aka ɗauke shi bai wuce baki ba. Ya ce shekara biyu ya yi a Oxford lokacin yaƙi, ya san yadda ake tafi da jami'a ciki da waje. Ƙanin mijina da suka tafi a jirgi ɗaya ya ce dankali suka yi ta ferewa a wani barikin soja, Oxford ɗin kuwa sau ɗaya suka wuce ta a jirgin ƙasa, ana ruwa, Mas Ferdi na sharar barci. Wannan bai hana shi koya wa kuku yadda ake yanka burodi a Oxford ba, da koya wa mai shara yadda ake riƙe tsintsiya a Oxford. Har ni ya taɓa zuwa zai nuna min yadda ake matse zanen gado, ni da na shekara ashirin ina yi.

Matarsa ce abin tausayi. Mis Vashti ta shekara goma sha biyu a ɗaki guda a wani gidan haya a Kingston, ita da shi da 'ya'ya huɗu da keken ɗinki, iyali goma sha ɗaya kan makewayi ɗaya. Tun watan farko take zuwa ran Lahadi bayan coci ta tsaya a bakin gidan simintin nan tana leƙa taga.

Saura mako uku wa'adin gwajin ya cika, a farkon Disamba, sai ga takarda cewa manyan malamai uku za su taso daga Landan su duba ko kwalejin ta isa a ci gaba da buga mata hatimin jami'arsu a kan digiri. Za a yi jerin gwano, a yi jawabi, kowane ɗalibi cikin alkyabbarsa. A makon nan kuma aka ji cewa jirgin ruwan da zai kawo alkyabbun sababbin ɗalibai arba'in bai ma taso ba, 'yan dako na yajin aiki a can. Ma'ajin kwaleji, Mista Pembury, wani siririn Bature mai jan wuya, shi ke da alhakin kaya. Na je kai masa tawul na tarar ya dafe kai, Mas Ferdi na tsaye a kansa ya turo ƙirji.

"Ranka ya daɗe, alkyabba arba'in ce ta hana ka cin abinci? Bar min. A Oxford, lokacin da bam ya ƙone sito, ni da hannuna na rina ɗari uku cikin kwana huɗu."

Mista Pembury ya san sarai ba a taɓa jefa bam a Oxford ba. Amma yana cikin halin da ko akuya ce ta ce za ta yi, zai ce ta gwada. Ya ba shi wuƙa da nama, da sharaɗin kada Shugaban kwaleji ya ji.

Aka fara da yadi. Jan ulu babu shi a Kingston ko na magani, sai Mas Ferdi ya faɗa sito ya kwashe buhunan fulawa. Buhunan nan kuwa rabonmu ne mu masu wanki, da su muke zanen gado da rigunan ciki na yara. Na haɗiye haushi na gaya masa gaskiya: rubutun jikin buhu ba ya fita sai an goge shi da kananzir, an cuɗa da sabulu, an shimfiɗa a ciyawa mako guda rana da raɓa suna dukansa. In ba haka ba, ɓuya kawai yake yi. Ya ce mako guda na malalata ne, kwana biyu ya isa, sauran rini zai rufe.

"Mis Adina, ke wanki kika sani. Wannan kimiyya ce."

"To Mas Ferdi, kimiyyar ta san da hoton zakaran da ke jikin buhun?"

"Zakara bai isa ya tsallake rinin Oxford ba."

Mis Vashti ta ɗauko kekenta a kan amalanke, ta samo mata biyu daga coci, suka zauna a ɗakin ajiya suna ta ɗinki har ƙafafunta suka kumbura. In ta ɗaga kai tana hango rufin gidan simintin ta taga, sai ta ci gaba da taka keke.

A bayan sansanin akwai kangon gidan sukari na zamanin bayi, da wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ake dafa ruwan rake a da. Nan ya kafa marinarsa. Ya sa aka saro masa itacen rinin nan namu da ake lodawa a jirgi a kai Ingila, aka faskara, aka tafasa, ruwa ya yi jawur. Ya tara mu, mu da masu shara da wasu ɗalibai, wai mu ga aiki. Na ce masa kakata ta yi rini da itacen nan, kuma in ya haɗu da ƙarfe mai tsatsa baƙi yake komawa. Ya ce kakata ta je Oxford ne? Na ce a'a, amma ita idonta biyu duk inda ta wuce. Masu shara suka tuntsire da dariya. Shi kuwa don ya nuna min iyakata, maimakon ya gwada da ƙyalle, sai ya tattara alkyabba ashirin ya danna a ciki.

Suka fito baƙi ƙirin. Ya ce haka suke yi da farko, in sun sha iska za su yi ja. Aka shanya su a igiya a bakin kangon, hannuwa a buɗe, iska na kaɗa su. Suka sha iska wuni guda, suka ƙara baƙi.

Kashegari da hantsi sai ga mutanen ƙauye kusan su talatin, mata da fararen ɗankwali, Mama Tabita mai ba da waƙa a cocinsu tana gaba da littafin waƙoƙi a hammata. Dama tun da suka ji ana koyar da likitoci ana yanka gawa a ɗakin ƙarshe, ba su yarda da mu ba. Mama Tabita ta ce sun ga kayan makoki har ashirin a igiya, sun zo gaisuwa, kuma suna so su ji wace cuta ce, don awakinsu a nan suke kiwo. Ta ce in za a yi zaman makoki na dare na tara, yadda muka saba, su suna da murya, a tanadi kofi da soyayyen kifi da 'yar giyar rake kawai. Mas Ferdi ya ce ba wanda ya mutu. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce to wa zai mutu, tunda an riga an yi ɗinki? Kafin a lallashe su su tafi, sai da suka rera baiti biyu a gaban ofis. Shugaba ya leƙo ya cire hula don girmamawa, bai san na mene ne ba.

Mas Ferdi ya shiga borin kunya, ya ce ai da gangan ya yi, baƙaƙen na malamai ne. Ya kai wa malamin lissafi guda kyauta, mutumin ya yi godiya ya rufe babur ɗinsa da ita. Daga nan ya bi gidajen burodi na Kingston ya samo wasu buhunan, waɗannan ko kwana biyun ba su samu ba, wuni guda suka yi a rana. Mis Vashti ta sake zama a kan keke.

Saura kwana tara a yi taron ya ce itace tsohon yayi ne, ilimin zamani ya koma kan zoɓo. Ran Asabar ya ɗauki motar kwaleji ya je kasuwar bakin tasha ya saye zoɓon kaf, kwando sittin, ana saura mako biyu Kirsimeti. Gidan da ba a jiƙa zoɓo da citta ba kuwa, ba a yi Kirsimeti a gidan ba. Mata suka biyo motar har bakin ƙofa suna zagi. Wata tsohuwa ta ce tun da aka kawo mana jami'a ba ta ga likita ko ɗaya ya fito ba, amma ga shi an fara shanye mana abin sha. Shi yana tsaye a bayan mota a kan kwanduna yana gaya musu wata rana jikokinsu za su yi alfahari da wannan rana.

Na sake zuwa, don ba na iya ganin ɓarna in yi shiru. Na ce zoɓo na ciki ne, ba na tufa ba. Ko da alif da gishiri da ƙyar yake kama yadi, ruwa na taɓa shi zai bi ruwa. Ya ce ya san da haka, shi ya sa akwai sirri, wanda wani tsohon marini ya raɗa masa a Oxford yana bakin mutuwa. Sirrin shi ne mazarƙwaila. Garwa huɗu ya narka a cikin gangunan zoɓon, wai ita ke manne kala a jikin zare. Na ce Allah ya ji ƙan tsohon, da alama shi ma abin da ya kashe shi ke nan.

Zan faɗi gaskiya ko da ba na so: kalar ta yi kyau. Ja mai duhu, mai sheƙi, yadin ya yi ƙarfi kamar ya sha sitaci, zakara ya ɓace ɓat. Daga nesa sai ka ce sun fi na Ingilar. Mista Pembury ya zo ya tsaya daga nesan, don ba ya son takalminsa ya taɓa laka, ya ce madalla, har ya yi wa Mis Vashti albishir cewa takardar tabbatarwa tana kan teburinsa, sa hannu kawai ya rage. Mas Ferdi ya hana mu kusantar alkyabbun, ya ce hannun jahili na dusashe kala. Ya kulle su da kansa a ɗakin ajiya.

Kiyashi ba su san kulle ba. Ranar taro da sassafe ya buɗe ɗakin ya tarar alkyabbun na motsi. Ya shige ya jawo ƙofa, muna ji daga waje yana ta jibgar su da tsintsiya yana tsalle. Da ya fito yana sosa wuya, ya ce farfaɗo da zare yake yi, haka ake yi a ranar biki. Ɗalibai suka yi layi ana miƙa musu. Akwai wani Ramdin, ɗan Trinidad, baki gare shi kamar reza. Ya karɓi tasa ya shinshina.

"Mas Ferdi, wannan sawa ake yi ko sha?"

"Ƙamshin sabon ulu ne. Kai da ka taso a gonar rake ina za ka sani."

"Ai shi ya sa na sani. Akwai citta a ciki, ko mu zo da tamu?"

An kafa dandamali a inuwar babban rimin da ke tsakiyar fili, nan baƙi da malamai za su zauna. Ɗalibai kuwa a rana aka jera su, sababbin a sahun gaba saboda Mas Ferdi ya dage tasu ta fi haske. Iyaye da manyan gari na kan kujeru daga gefe. Mu masu wanki muna bakin shinge tare da mutanen ƙauye, don ba a gayyace mu ba, ba a kuma isa a hana mu kallo ba.

Ƙarfe biyu aka fito. Mas Ferdi na gaba da sandar azurfa a kafaɗa, yana taku ɗai-ɗai, hanci a sama. Babban cikin baƙin, wani tsohon Farfesa mai ilimin tsirrai, ya tsaya a gaban sahun farko ya shafa hannun wata alkyabba. Ya ce bai taɓa ganin ja irin wannan ba. Mista Pembury ya yi maza ya ce ai a nan aka yi, da tsiron ƙasar nan. Tsohon ya ce abin sha'awa, zai so ya san sunan wanda ya yi. Mas Ferdi ya ji, har sandar ta yi rawa a kafaɗarsa. Tsohon ya wuce yana ƙoƙarin raba yatsunsa da suka manne.

Sai jawabi, da Latin, awa guda cur. Ba mai ji sai mutum huɗu, biyu daga cikinsu na gyangyaɗi. Ɗalibai na tsaye rana na dukansu, zufa ta fara aikinta. Wuyan fararen riguna ya yi ja, jan ruwa ya fara ɗiga daga bakin alkyabbu kan fararen takalma. Wata uwa ta hango ƙafar 'yarta ta ƙwala ihu cewa jini ne. 'Yan ajin likita na shekara ta biyu, da suka ƙagu su sami maras lafiya mai rai, su shida suka yi kan yarinyar suka kwantar da ita a ƙasa tana ce musu lafiyarta lau. Ɗayansu ya dangwala ya lasa, ya tashi ya koma sahunsa shiru.

Malamin tsirrai na kwalejin yana da amya biyar a bayan ɗakin karatu. Ƙudan zuman suka ji labari suka zo gaba ɗaya. An riga an gargaɗi ɗalibai cewa duk wanda ya motsa ya kunyata tsibiran nan baki ɗaya, saboda haka suka ƙame, ido kawai ke juyawa, ƙudan zuma na zagaya wuyansu. Bayansu sai ga awaki. Suka ratso ta ƙarƙashin shinge suka shiga sahu, bunsurun Mama Tabita na gaba. Ya kama gefen alkyabbar Ramdin ya fara tauna. Ramdin ya ce a bar shi, shi kaɗai ne ya fahimci amfanin abin.

Mas Ferdi ya diro daga dandamali da sandar girma ya yi kan bunsurun. Ya kai duka ya sami dutse, kan sandar ya cire ya gangara har gaban matar bishop. Ya sunkuya zai ɗauka, bunsurun ya ja da baya ya auna shi, ya kai shi ƙasa. Mai jawabi bai fasa ba, don Bature in ya fara Latin sai ya kai aya.

Ana cikin haka hadari ya gangaro daga duwatsu yadda ya saba, ba sallama. Minti goma aka yi ana zuba. Ƙudan zuma suka tafi, wannan alheri ne. Kala ma ta tafi. Jan ruwa ya malale filin ya bi kwata, awaki na bin sa suna lasa. Da aka ɗauke, Shugaba ya tashi da sauran mutuncinsa ya ba da umarni ɗalibai su juya su fita a jere. Suka juya, suka ba dandamali baya, zakaru arba'in suka fuskanci mutanen Landan. A ƙarƙashin kowane zakara an rubuta sunan garin fulawa da nauyin buhu, laba ɗari. Wata doguwar yarinya 'yar Barbados, a ƙugunta aka rubuta a ajiye a busasshen wuri. Wani a bakin shinge ya yi cara, sai duk ƙauyen suka ɗauka. Mama Tabita ta ce ai dama ta faɗa, ɗinkin nan ba a banza aka yi shi ba.

Baƙin dai ba su janye hatiminsu ba. An ce ɗakin karatu da ɗakin gwaje-gwaje suka zo dubawa, ba tufa ba, abin da da an tambaye ni tun farko da na faɗa kyauta. Amma Shugaba ya ce sai an kori wani.

Kashegari da safe aka kira ni ofishin Ma'aji. Mata shida da ke ƙarƙashina suka biyo ni suka tsaya a baranda, Mis Vashti na zaune a kan matakala da jakarta a cinya. Ina shiga na gane an riga an gama shiri. Mas Ferdi ya gaya wa Mista Pembury cewa rinin lafiyarsa ƙalau, mu ne muka faki idonsa muka ɗauraye alkyabbun da mugun sabulu saboda haushin buhuna. Mista Pembury ya san ƙarya ce, amma ƙaryar ta yi masa daidai, don in laifin na sarkin ƙofa ne, za a tambayi wanda ya ba sarkin ƙofa izini. In na masu wanki ne kuwa, a sallami mata bakwai a ɗauki wasu bakwai, magana ta mutu. Takardar tabbatarwa na kan tebur, alƙalami a kanta. Mas Ferdi na tsaye a gefe ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Abin da ya rage masa kawai ya yi shiru na minti biyar, gida ya zama nasa.

Raina ya ɓaci. In na ce ƙarya ne, maganata ce da ta mutumin Oxford, kuma na san wadda za a ɗauka. Sai na gyara ɗankwali na russuna.

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe, mu ne. Ba ma ɗauraya kaɗai ba, aikin duka namu ne. Ni na kawo dabarar buhu, ni na ce a sa zoɓo, mazarƙwailar ma ni ce. In za a kore ni a kore ni, amma tsohon Farfesan nan ya ce yana son sunan wanda ya fitar da jan nan, to a rubuta masa Adina Whyte. Mas Ferdi bawan Allah, me ya sani a rini? Itace kawai ya yi ta tura mana a wuta."

Na ga kunnen Mas Ferdi ya motsa. Mista Pembury ya yi maza ya ce to shi ke nan, magana ta ƙare, ya kai hannu kan alƙalami. Na ƙara da cewa wutar ma sai da muka nuna masa ta inda ake hurawa.

"Ke?" in ji Mas Ferdi. "Ke kika fitar da jan nan?"

Daga taga muka ji muryar Mis Vashti a hankali. "Ferdi, yi shiru."

"Ranka ya daɗe, matar nan ko kusa da gangunan ban bari ta zo ba. Tambayi kowa. Ni na auna, ni na dama, ni na tsoma, ni na kulle ɗaki da hannuna. Ba wadda ta taɓa alkyabba ko ɗaya tun daga buhu har jikin ɗalibi. Sau uku tana zuwa tana ce min ba zai yiwu ba."

"Ferdi."

"Bari, Vashti. Ina ji ina gani mai wankin zanen gado ta kai sunanta Landan da guminmu?"

Ƙofa a buɗe take, mata shida sun ji, akawu ya ji, har Shugaba da ya zo wucewa ya tsaya ya ji. Mista Pembury ya rufe ido na ɗan lokaci. Ya zare takardar tabbatarwa ya jefa a aljihun tebur, ya ɗauko farar takarda, ya ce Mas Ferdi ya maimaita a hankali don a rubuta. Ya kuwa maimaita, a tsaye, hannu a ƙugu. Da akawu ya rubuta garwa uku na mazarƙwaila, ya gyara masa ya ce huɗu ne. Ya sa hannu da cikakken sunansa, Ferdinand Augustus Dunkley, ya ja layi a ƙasa.

Ni na fara fitowa. Mis Vashti ba ta dube ni ba, ni ma ban iya duban ta ba. Shi ko kaɗan bai ba ni tausayi ba, amma ita har yau in na tuna ƙafafun nan da suka kumbura a kan keke sai in ji ba daɗi. Can sai ga shi ya fito yana gyara kwalar riga, fuska a sake, ya nufi matarsa.

"Kin ji yadda na ƙwato sunana?"

Ta ce ta ji. Ta buɗe jaka ta ciro makullin gidan simintin, ashe tun ana gobe taro aka ba ta don ta share ta wanke daɓe, kuma ta share ta wanke. Ta miƙa masa ta ce ya mayar da kansa, ita ba za ta iya ba. Ya karɓa ya juya shi a hannu, ya koma ciki. Muna sauka daga matakala muna jin sa ta taga yana yi wa Ma'aji bayanin yadda ya kamata a riƙa zuba wa makulli mai.